Gyaran Kayan Ajiya

A garin Shagari akwai wani yaro ɗan makaranta. Da wansa zai tafi ci-rani, sai ya ba shi ajiyar na'urar wasa ta hannu, irin wadda ake kira PSP. Kamfanin Sony na Japan ya fito da irinta a 2004, ya daina yi a 2014. Wannan kuwa ta sha jiki, batirinta ya gaji, ba ta aiki sai tana jone da wuta.

Ran nan da dare yaron ya shiga sabunta manhajarta, ba da izinin mai ita ba. Aiki ya kai rabi, sai aka ɗauke wuta. Da ya sake kunnawa, koriyar fitila ta kama, amma fuskar baƙi ƙirin. Ya kwana bai runtsa ba.

Gari na wayewa ya shiga motar Sakkwato, ya sauka Boɗinga wurin wani mai gyaran waya. Mai gyara ya jujjuya ta, ya ce, "Samari, me ya same ta?"

Ya ce, "Malam, haka kawai ta mutu."

Mai gyara ya ɗauko sukurdireba, ya ce, "To, sai an buɗe cikinta, watakila a musanya kayan ciki." Ya faɗi kuɗi. Da yaron ya ji, sai idonsa ya cika da hawaye, ya kwashe gaskiya ya faɗa.

Mai gyara ya ajiye sukurdireba, ya ce, "Ai da ka sa na yi wa mai lafiya fiɗa. Sabuntawa kamar wanke allo ce. An wanke tsohon karatu, ba a gama rubuta sabo ba tawada ta ƙare. Me almajiri zai karanta?"

Sa'an nan ya ɗauko wani batiri na musamman mai suna Pandora, dabarar da aka gano a 2007, da katin ajiya mai ɗauke da manhaja. Ya sanya su, na'ura ta karɓi sabon rubutu, ta farka. Ya gargaɗe shi kada ya ƙara sabuntawa sai da lafiyayyen batiri cikakke.

Yaron ya biya, ya yi godiya. Yana iya yin shiru, don babu wata alama da ta rage. Amma kafin motar Shagari ta cika, sai ya ari waya a tasha, ya kira wansa, ya ce, "Yaya, ina da magana."