Zuga-zugin Injin Mota

A cikin kalmomin kanikanci da na tattara lokacin binciken digirina na biyu, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar "sufacaja". Na'ura ce da ake ɗaurawa a kan injin mota, bel yana juya ta da ƙarfin injin ɗin kansa, ita kuma tana cusa masa iska fiye da yadda zai iya shaƙa. Bambancinta da tobo shi ne, shi tobo hayaƙin da ke fita ta salansa ne yake juya shi. Da na fahimci aikinta, sai na ga ashe Bahaushe ya daɗe da sanin irinta a maƙera, domin zuga-zugi ne aka kai cikin mota.

Tarihin na'urar ya ƙarfafa mini wannan fahimta. A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen jihar Indiyana ta Amurka, suka yi rajistar wata na'urar hura iska, wadda aka riƙa amfani da ita a tanderun narka ƙarfe. Sai a 1921 kamfanin Daimler ya baje kolin motocin Mercedes masu sufacaja a birnin Balin na Jamus. Ke nan wutar maƙera ta fara hurawa kafin ta shiga injin.

Bara na ɗaura irin wannan na'ura da hannuna a tsohuwar Toyota da nake hawa, ƙarƙashin kulawar wani dattijon bakanike da na yi hira da shi lokacin binciken. Motar ita kaɗai muke da ita a gida, saboda haka ba abin wasa ba ne. Ɗaure ƙusoshi da daidaita bel su ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana cikin lissafi. Injin fetur yana buƙatar kimanin awo 14.7 na iska ga kowane awo ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan aka ƙara iska ba a ƙara mai ba, ƙunar takan yi zafin da zai iya narka fistin. Dole ta sa muka sauya nozul da famfon mai zuwa manya, aka kuma sake saita kwamfutar motar.

Matsala ta biyu ita ce zafi. Duk iskar da aka matse sai ta ɗumama, ga shi a Kano zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Iska mai zafi takan sa cakuɗen mai ya fashe ba a kan ƙa'ida ba, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. Don haka muka ƙara na'urar sanyaya iska, muka kuma zaɓi ƙaramin matsi. Da na nuna sha'awar ƙari, dattijon ya ce mini, "Malam, maƙerin da ya cika zugi, ƙarfensa yake ƙonawa."

Maganarsa ce ta sa nake ganin "zuga-zugin injin" ya fi "sufacaja" dacewa a rubutunmu. Kalmar "zuga" tana da fuska biyu a Hausa: ana zuga wuta, ana kuma zuga mutum ya tunkari abin da ya fi ƙarfinsa. Matashin da ya ji an ce za a zuga injinsa ya riga ya ji gargaɗi, ya kuma san kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kalmar aro ba ta ɗauke da wannan kashedi. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya a jami'o'inmu su riƙa zama a gareji da maƙera, domin a can ne ake sanin iyakar abin da ƙarfe zai iya jurewa.