Ni Na Haife Shi

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba 2014, ina tsakar gida ina tankaɗe sai harbi ya tashi ta ko'ina. A ranar 'yan Boko Haram suka cinye Mubi, suka afka wa hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN da ke Kwarhi. Na goya autata, na ja sauran yaran, muka kutsa gonakin dawa muka nufi duwatsun Kamaru. Maigidana ya ce mu yi gaba, zai koma ya ɗauko tsohuwarsa. Rabona da shi ke nan.

Sai da muka zagayo Yola labari ya iske ni: ɗan maƙwabciyarmu ne ya nuna wa 'yan Boko Haram maigidana. Yaron da ya tashi yana cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yana. Duk Kirsimeti sai na zuba masa shinkafa, duk Babbar Sallah shi ke kawo mana naman layya.

Mu 'yan EYN da wa'azin salama aka rene mu, tun kafuwar ekklesiyar a Garkida a 1923: ba a ramuwa. Ni da bakina na sha koya wa matan zumunta haka. Amma a Yola, da an fara Addu'ar Ubangiji an iso wajen gafara, sai in datse bakina. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba. A zatona sai zuciya ta huce ake yafewa, tawa kuwa kullum ƙara tafasa take yi.

Bayan sojoji da maharba sun ƙwato garin, muka koma a 2015. Gidan ba rufi, bango duk baƙin hayaƙi. Ina shara na ji sallama. Maƙwabciyar tamu ce, ta rame har ƙashin wuya ya fito, ɗauke da kan keken ɗinkina naɗe cikin tsohon zane. Ashe a ƙarƙashin gadonta ta ɓoye shi duk tsawon watannin. Ta sauke, ta durƙusa a cikin tokar.

"Yaya, ki yafe mini. Ni na haife shi."

Tsintsiyar na rawa a hannuna. A zuci na ce, Yesu, ni dai ba zan iya ba, ga shi nan na sakar maka. Sai na ji bakina ya ce, "Tashi, ƙanwata. Na yafe."

Ban ji wani sanyi nan take ba, kada in yi muku ƙari. Amma ran Lahadin da ta biyo, na yi addu'ar nan tun daga farko har Amin, ina kuka.

Har yau ba a san inda ɗan nata yake ba. Ta roƙe ni in riƙa sa shi a addu'a, ina kuwa sa shi, ko da yake akwai ranakun da sunansa ke maƙale mini a wuya.