Famfon da Ya Mutu Sau Biyu

Motar ta mahaifinta ce, Marsandi C240 ƙirar 2003, kuma tun da Allah Ya yi masa rasuwa ita ke hawanta daga Kano zuwa asibitin da take aiki a Zariya, duk Litinin da asuba. 'Yan'uwanta sun sha ce mata ta sayar, tana ƙi. Wata safiya cikin hunturu sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kunnu a gabanta ta ƙi mutuwa. Mota na tafiya lafiya, ba ƙara, ba hayaƙi, ba ƙarin shan mai. Fitila ce kawai.

Bakanike na farko ya jona kwamfutarsa, ta nuna P0410, ya ce famfon iska ne ya mutu. Aka sayo na hannu a Ƙofar Ruwa, aka ɗaura, fitila ta mutu. Kafin damina ta ƙare ta dawo, da lambarta iri ɗaya. A lokacin wani ya ba ta shawarar da ake yawan bai wa masu irin wannan mota: a liƙe fitilar da baƙin salatif, kowa ya huta.

Shawarar tana da ɗan abin kamawa, domin wannan famfo ba don ƙarfin mota aka yi shi ba. Asalinsa hayaƙin da ya turnuƙe birnin Los Anjalas ne. A 1966 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara iyakance gubar da mota za ta fitar ta salansa, sai kamfanoni suka ɗauki dabarar hura iska. Inji mai sanyi yana shan fetur fiye da yadda zai iya ƙonawa, ragowar kuwa ta fita ɗanya tare da gubar kabon monoksaid. Idan aka tura sabuwar iska daidai bakin da hayaƙi ke fita daga kan inji, ragowar sai ta ƙarasa ƙonewa a can. A motocin zamani zafin wannan ƙuna yana da amfani na biyu: yana gaggauta ɗumama matatar hayaƙi, wadda kanikawan ƙasar nan suka laƙaba wa suna indomi saboda kamannin cikinta, wadda kuma ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri 250 zuwa 300. Duk aikin famfon bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba bayan tayar da inji mai sanyi. Daga nan ya yi shiru sai gobe.

Amma ita likita ce, ta san abin da ake nufi da rufe ido a kan alama. Fitilar gargaɗin inji ɗaya ce tak a motar, ita ke faɗar matsalar famfo, ita kuma za ta faɗi ranar da fulogi ya daina ba da wuta ko mai ya yi wa inji kaɗan. Wanda ya liƙe ta saboda ƙaramar cuta ya toshe bakin da zai gaya masa babba, a kan titin Zariya, kafin gari ya waye.

Bakanike na biyu dattijo ne, wanda ya taɓa yi wa mahaifinta aiki. Ya karanta lambar, bai buɗe bonet ba, ya ce, "Likita, ki bar ta ta kwana a nan."

"Baba, ai na zata yanzu za a duba."

"Yanzu inji da zafi. Abin da nake son ji, sai da sanyin safiya yake magana."

Ta dawo washegari da ƙarfe 7. Ya ɗaga bonet, ya sa yaronsa ya murza makulli, shi kuwa ya kasa kunne a gaban inji. Lafiyayyen famfo yakan yi ƙugi kamar na'urar busar da gashi. Wannan shiru ya yi. Dattijon ya bi wuta daga tushe: fis ya ƙone, rile lafiya lau. Ya ja waya daga batir kai tsaye zuwa famfon, ya yi ɗan nishi bai juya ba. Da ya kwance shi ya karkata, sai baƙin ruwa mai warin salansa ya zubo a kan siminti.

A nan ne labarin ya sauya, domin famfon iska ba shi da hulɗa da ruwa. Ruwan daga hayaƙi ya zo. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi. Tsakanin famfon da hanyar hayaƙi akwai bawul biyu a irin wannan inji mai silinda 6, ɗaya a kowane ɓangare, aikinsu su buɗe wa iska ta shiga, su rufe kada hayaƙi ya dawo. Ya zare tiyon da ke shiga kowannensu. Na dama tas yake. Na hagu cikinsa baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma da aka tayar da inji, ta sa hannu ta ji hucin hayaƙi yana bugun tafinta. Bawul ɗin ya daina rufuwa, mai yiwuwa tun kafin famfon farko ya mutu. Tururi na bi ta tiyo, ya huce ya zama ruwa, ya kwanta a cikin famfo, tsatsa ta ci shi har ya cije, ya ja wutar da ta ƙone fis. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Bakanike na farko bai yi ƙarya ba, famfon ya mutu da gaske. Kuskurensa shi ne ɗaukar lambar a matsayin hukunci. Kwamfutar motar ba ta ganin famfo, ba ta ganin bawul. Abin da take yi shi ne ta ba da umarnin hura iska, sannan ta saurari na'urar auna oksijin da ke bakin salansa: idan iska ta iso, oksijin zai ƙaru nan take. Idan bai ƙaru ba, sai ta rubuta P0410. Ko fis ne, ko rile, ko tsagaggen tiyo, ko toshewar ƙananan ramukan da iskar ke bi a kan inji, duk lamba ɗaya za ta bayar. Tun 1996 da aka wajabta wannan tsarin lambobi a motocin Amurka, lamba unguwa take nunawa, neman gidan aikin bakanike ne.

Ya sauya bawul ɗin da fis, ya ɗaura famfo na uku, ya goge kunkunniyar ramukan. Ya kuma sauya siririn tiyon da ke zuƙo bawulolin su buɗe, wanda zafin shekara ashirin ya busar har yana karyewa a hannu. Kuɗin ya taɓa abin da ta ware wa makarantar yara, kuma ba ta gaya wa 'yan'uwanta ba.

Da ya share lambar, fitila ta mutu, ta buɗe jaka za ta biya ladan aiki. Ya ɗaga hannu. "Share lamba ba gyara ba ne, Likita. Sai motar ta gwada kanta da sanyi, sau biyu ko fiye. Ki je Zariya ki dawo tukuna."

Ranar Litinin, bayan sallar asuba, ta murza makulli ba ta kunna rediyo ba. Ƙugin ya taso daga gaban inji, ya ɗauki kamar minti ɗaya da rabi, ya tsaya. Ta kai masa kuɗinsa ranar Asabar.