Daɓen katako da daɓen Inna

Ni manomi ne a ƙasar Madarunfa. Ina so in ba ku labarin wata wauta da na yi, ko wani ya ƙaru da ita.

A shekara ta 1984 damina ba ta yi kyau ba. Hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin rani. Ni da samari da yawa muka tafi bida. Na isa Kumasi, a ƙasar Gana. Can na samu aiki wajen wani kafinta a unguwar Anloga, inda masu aikin katako suke da yawa a lokacin.

Wata rana maigidana ya kai ni gidan wani attajiri. Ya ce za mu yi daɓe. Na duba, ban ga tsakuwa ba, ban ga maɓugi ba, sai tulin katako. Ashe a can masu hali da katako suke shimfiɗe ƙasan ɗaki.

Ga yadda ake aikin. Ana zaɓen itace mai ƙarfi. Wanda muka yi aiki da shi sunansa odum. Yana da nauyi, kuma gara ba ta cin shi da sauƙi. Sai an tabbata ya bushe sarai. A kawo shi cikin ɗakin, a jera, a bar shi kamar sati biyu ya saba da iskar wurin. Ƙasa kuma dole ta zama ta siminti, busasshiya, ba tudu ba kwari. Kowane katako yana da harshe a gefe ɗaya, da rami a ɗaya gefen. Harshen wannan ya shiga ramin wancan, su kama juna. In an gama, a goge shi ya yi sumul, a shafa mishi mai irin na kakin zuma.

Maigida ya ce mini: "Yaro, katako yana numfashi. Da damina ya sha laima ya kumbura. Da rani ya bushe ya tsuke. Ka bar fili kamar santimetir 1 tsakaninsa da bango." Ni kuwa na ga filin bai yi kyau ba. A ɗakin da aka ba ni, na matse katako da bango. Da ruwa ya sauka, tsakiyar ɗakin ta taso kamar tozon raƙumi. Aka cire, aka sake. Maigida ya yanke mini kuɗin wata guda.

Na kuma koyi kula da shi. Ba a kwara mishi ruwa. In ruwa ya zube, a goge nan da nan. A share shi kullum, don rairayi yana kankare shi. Ba a jan gado ko akwati a kansa, sai a ɗaga.

Bayan shekara huɗu na komo gida, zan yi aure. Na ce ɗakin amaryata sai daɓen katako, garin nan kowa ya zo kallo. Inna ta ce: "Ɗana, nan ba Kurmi ba ne. Ka bari mata su yi maka daɓe." Ban ji ba. Na sayar da tumaki biyu, na tafi Maraɗi. Jan katako ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi farin nan mai araha. Mutanen Gana suna ce mishi wawa. Kuɗin siminti babu, sai na shimfiɗa shi bisa ƙasa.

Wata biyu ɗaki ya yi kyau, ana ta zuwa kallo. Da hunturu ya busa, katako ya tsuke, ya dare. Ƙura ta cika tsagogi, kunama ta samu gida. Da damina laima ta taso daga ƙasa, gara ta biyo ta. Wata safiya matata ta taka kusa da randa, ƙafarta ta burma. Na ɗaga katako, na tarar cikinsa duk ƙasa ce. Sunan itacen wawa, amma wawan gaskiya ni ne.

Inna ba ta yi mini gori ba. Ta jiƙa makuba, ta sa aka kawo tsakuwa, ta gayyaci matan unguwa. Suka yini suna bugu da maɓugi, suna yayyafa ruwan makuba, suna waƙa. Abin da na kashe shi ne goro da hura. Daɓen nan ya yi jawur, ya yi ƙarfi. A kansa ƴaƴana uku suka koyi rarrafe.

Ban ce daɓen katako ba shi da kyau ba. Yana da kyau ƙwarai, in an samu itace mai ƙarfi, da siminti a ƙasa, da mai kula da shi. Amma ni na san ka'idar aikin, na take ta don son a yabe ni. Shi ya sa na yi asarar tumaki biyu.

Ɗan'uwa, in ka ga abu mai kyau a baƙuwar ƙasa, kada ka ɗauko rabinsa ka bar rabi. Ka dubi ƙasarku, ka dubi aljihunka, ka kuma tambayi tsofaffi. Allah ya sa mu gane, amin.