Sallah Ta Wuce, Ta Bar Uwargida Da Alewa

 

Akan ce Sallah bikin rana ɗaya ce, amma duk uwar da ke da yara ta san zaƙinta yakan kai mako biyu a ɗaka. A nan Tambuwal yara kan yi kwana uku suna yawon Sallah, gidan kaka, gidan gwaggo, gidan maƙwabta, su dawo da ledoji cike da alewa mai tsinke, biskit, cingam da gullisuwa. Ga cincin da dubulan da muka soya da hannunmu, ga nakiya da alkakin da yayata ke aiko mini daga Kebbe duk shekara. Baƙi sun ɗauke ƙafa, kayan zaƙi kuwa suna nan jibge.

To, wa zai cinye? Sau da yawa uwargida ce. Yara sun koma makaranta, maigida ya fita nema, ita ce ke wuni da robar cincin a gabanta. In ta wuce ta ɗebi kaɗan, in ta dawo ta ƙara. Mai azumin Sitta Shawwal kuma da shi za ta yi buɗa-baki. In ka yi magana ta ce zubarwa almubazzaranci ne. Gaskiya ne, addini ya hana mu ɓarna, amma 'yar uwa, cikinki ba kwandon shara ba ne, kuma lafiyarki amana ce.

Ni wannan magana ba ta wasa ba ce a wurina, domin mahaifiyarmu ta yi shekaru tana fama da ciwon suga, kuma likita ya gaya mana cewa 'ya'yan mai wannan ciwo sun fi kusa da kamuwa da shi, musamman in ƙiba ta shigo. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma a tsaya a 6. Lemon kwalba guda mai santilita 35 yana ɗauke da kusan cokali 9. Zuma ma tana cikin lissafin, haka mazarƙwaila, don haka alkaki da nakiya ba su tsira ba don kawai namu ne na gargajiya.

Ga yadda nake yi a gidana. Ranar huɗu ga Sallah nakan shimfiɗa tabarma in tara yaran, kowa ya juye ledarsa. Duk abin da ya narke, ko takardarsa ta yage, ko wa'adinsa ya wuce, ko ba shi da lambar NAFDAC, wannan na zubarwa ne. Alewa mai tauri nakan nisanta ta da ƙananan yara don gudun shaƙewa, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa ba ruwansa da ita sam.

Sauran sai mu kasa uku. Kashi na farko na yara ne, kowa ya zaɓi abin da ya fi so. Nakan kulle shi a kabad in rataye makullin, a ba kowa guda ɗaya ko biyu bayan abincin rana. Dalili kuwa, ƙwayoyin cutar baki suna mayar da sukari ruwa mai tsami da ke cin haƙori, kuma yaron da ya wuni yana tsotso ya fi cutuwa a kan wanda ya sha sau ɗaya ya kurkure baki. Da dare kuma sai buroshi da man goge baki kafin barci.

Kashi na biyu na baƙi ne. Cincin da dubulan nakan zuba su a roba mai murfi, nesa da rana da kiyashi, in miƙa wa 'yan barka da Sallah na makara. Da zarar warin mansu ya canza, sun gama aiki.

Kashi na uku, wanda ya fi yawa, ba ya kwana a gidan. Babban ɗana ke kai shi makarantar allon unguwarmu. Alewa 40 a cikin yaro ɗaya cuta ce, a hannun yara 40 kuwa farin ciki ce. Sai dai a kula, kada a kai wa tsohuwa mai ciwon suga da sunan zumunci. Ita a kai mata ƙwai ko kifi.

Ni kuma rabona nakiya ɗaya ce, ranar Juma'a, in zauna in ci a natse. Sauran kwanaki in kwaɗayi ya motsa, ga gyaɗa, ga aya, ga goriba. Yaran da suka ga uwa ta tsaya a guda ɗaya ba su cika yin rigimar na biyu ba.

A bana na roƙi yayata ta rage kwallar Kebbe zuwa rabi, ta cike gurbin da daddawa da kuka. Ta yi dariya ta ce na zama likita, amma ta yi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuri'a, amin.