Lissafin Mai Ciki a Domayo

A Domayo, unguwar nan ta Marwa a arewacin Kamaru, da ke gefen kogin Mayo Kaliao, ba a jin labarin ciki daga bakin mai shi. Sai dai mai lura ya lura. Ɗaurin zane ya hau sama, hijabi ya ƙara faɗi, wadda a da take haye babur ba ta ce uffan ba yanzu tana roƙon ɗan acaɓa ya bi ramuka a hankali. A ƙullin mayafinta ba a rasa tsamiya ko goruba ko ɗanyen mangwaro. Fulanin garin da Hausawansa sun haɗu a kan kunya, musamman a cikin fari. Maƙwabciya za ta dube ta ta ce, "Allah ya raba lafiya," ita kuwa ta sunkuyar da kai, amin ɗinta ko na kusa da ita ba zai ji ba.

In wata babba a gidan ta tsokane ta da tambayar me take so, mace ko namiji, amsa ɗaya ce: "Duk wanda Allah ya ba ni, Goggo, in dai mai albarka ne." Da zuciya ɗaya take faɗa. Amma a bi ta babbar kasuwa, layin masu kayan jarirai. Za ta ɗaga 'yar riga mai tattara, ta juya ta gaba da baya, ta ajiye. Ta ɗauki ɗan wando da hula, ta gwada tsawonsa da tafin hannu, shi ma ta ajiye. A ƙarshe ta sayi farin shawul da zanen goyo, waɗanda ba su da ruwa da mace ko namiji, ta kai su can ƙasan akwati, don kada a ce ta riga malam masallaci. A 'yan mintocin nan ta rayu da yara biyu, kowanne ta sa masa riga ta ga yadda ta zauna masa.

Ranar awo, a kan bencin asibiti, bakin yakan ɗan buɗe, domin duk wadda ke zaune irin nauyinta ta ɗauko. Tun 2015 aka kawo wa jihohin arewacin Kamaru uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tsarin da ake kira Chèque Santé: mace ta biya sefa 6,000, a yi mata awo da hoton ciki, a karɓi haihuwarta ko da tiyata ta kama, a kula da ita da jaririn har kwana 42, wato kusan daidai da arba'in ɗin wankan jego. Hoton cikin nan ya shigo da sabon abu. A da tsofaffi ke duba, su ce ciki mai tsini namiji ne, mai faɗi mace. Yanzu na'ura na iya faɗa, sai matan suka rabu biyu. Wata tana hawa gado za ta tambaya. Wata kuwa za ta kawar da kai, ta ce a gaya mata lafiyarsa kawai, sauran ta bar wa ranar.

Akwai lissafin wata, akwai na suna. Tana ƙirga da yatsu ta ga ko za ta sauka a zafin Maris da Afrilu, lokacin da inuwar dogon yaro ma ba ta hana gumi, ko a tsakiyar damina, lokacin da mayo ke cika ya kawo sauro. Sunan yanka ba nata ba ne, na uban ne da iyayensa, a rana ta bakwai. Nata shi ne laƙabi. In Juma'a ce, Jummai ko Ɗanjuma. In namiji ya biyo bayan mata, Tanko. In mace ta biyo bayan maza, Kande. In an mayar da sunan surukinta, to bakinta ba zai taɓa kama shi ba, dole ta tanadi Abba ko Baffa tun yanzu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsawon hanyoyin biyu. In zancen namiji ya taso tsakanin mata, hanyar na da nisa. Ana ganinsa yana buga ƙwallo a yashin mayo da rani, wata ta ce wa ya sani, ai Vincent Aboubakar ma daga Coton Sport ta Garwa ya taso, har ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a 2017. Ana ganinsa da allo da safe, da jakar boko da hantsi, ana kai shi Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ana kai shi Yawunde, ana dawo da shi da mota ya biya wa uwarsa Makka. Har furfurarsa ana hangowa.

In mace ce, zancen ya fi daɗi, ya fi kusa da zuciya. Ranar da za a huda mata kunne, kitson farko, lallen salla, ranar da za ta karɓi muciya ta ce, "Inna, huta." Uwa ta san 'ya mace ce za ta zauna a bakin gadonta ranar ciwo. Sai dai hanyar gajera ce. Da an kai tara kwanuka da gadon ɗaki, da an kai ranar rakiya, sai zancen ya tsaya, kamar rayuwar ta ƙare a ƙofar gidan wani. Ba rashin ƙauna ke kawo haka ba. Kowa abin da ya gani yake hangowa, uwar kuwa nan ta ga hanyar tata uwar ta tsaya.

Amma Marwa ta ga wata hanyar. A garin nan aka haifi Djaïli Amadou Amal a 1975, aka aurar da ita tana da ƙuruciya, ta fito ta kama alƙalami. Littafinta Les Impatientes, a kan auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Ga kuma malamar da ke karɓar awo, ga ungozomar asibiti da za ta yanke cibiya: kowaccensu wata ce ta taɓa ɗaukar cikinta, ta ƙi tsayar da lissafinta a kayan ɗaki.

Hanyoyin biyu kuwa ƙofa ɗaya suke bi, ƙofar da ake yawan mantawa a hidimar suna. A sayi rago, a kira wanzami, a raba goro, a dama kunun kanwa, a bar takardar haihuwa. Shekaru su wuce, yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, a ce ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba sai da ita, gyaran kuma sai an bi ta kotu da kuɗi. A Arewa Mai Nisa wannan ya tsayar da yara masu yawa, kuma in kuɗin mutum ɗaya ne a gida, an san wanda ake fara yi wa. Don haka maigidan da ke son taya mai ciki lissafinta, ya sa takardar nan a jerin kayan suna tun kafin naƙuda, ya je ofishin magajin gari jaririn na cikin zanen goyo, ko Tanko aka samu ko Kande.