Yini Guda a Yamai, Ni da Ɗana da Jakar Goyo

Ranar da ɗana na fari ya ce zai rataya jakar goyo ya tafi Yamai shi kaɗai don buɗe ido, sai da gabana ya faɗi. Shekarunsa 19, ko Zariya bai taɓa kwana ba. Na ce atafau. Da na ga ya daina walwala a gida, sai na ce: "To, ƙafata ƙafarka."

Daga Kano muka bi ta Maraɗi, motar dare ta sauke mu da asuba. Kayanmu duka a bayansa suke: tufafi kala ɗaya, darduma, gorar ruwa, cajar waya da takardun shaida. Muka karya da shayi da dogon burodin nan irin na Faransa, muka nufi Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake gina ta.

Can na sha kunya. Na taya kilishi, mai shi ya ce "ɗari biyu", na miƙa sefa 200 ina murnar arha. Ya dube ni, ya yi murmushi. Ɗana ya raɗa mini: "Umma, da dala suke lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce, ɗari biyunsu sefa 1,000 ke nan, ita suke kira jika." Ashe tun a gida ya binciko duk wannan, har da gaisuwar Zabarmanci, duk da cewa Hausa ta ishe mu ciniki.

Azahar a Babban Masallaci muka yi ta, wanda Libiya ta ɗauki nauyin gininsa. Ni na ce mu ɗauki shatar tasi, shi ya ce mu shiga ta haɗaka, kuɗin abincin rana ya fita.

Da rana ta yi sanyi muka shiga gidan tarihi na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959. Akwai namun daji, da masaƙa da maƙera suna aiki a gabanka, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, waɗanda aka tono a hamada. Amma abin da ya tsaya mini a rai busasshen itacen Tenere ne. Shekaru ya yi tsaye shi kaɗai a tsakiyar rairayi, ayari na gane hanya da shi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Na ce: "Ka gani? Wanda ke shi kaɗai ake bugewa." Ya ce: "Umma, ai shi bai taɓa motsawa daga inda yake ba." Na rasa ta cewa.

Gab da magariba muka tsaya kan Gadar Kennedy, da aka kammala a 1970. Rana na faɗawa cikin Kogin Kwara, masunta na jan kwale-kwale, ɗalibai na tsallakowa daga jami'a. Ƙafafuna sun kumbura, shi kuwa yana ƙirga canji, ya ware kuɗin motar komawa tun safe.

Iyaye mata 'yan'uwana, tsoronmu ba laifi ba ne, duniyar ce sai a hankali. Amma hani kaɗai ba ya koya wa yaro hanya. Tafiya ta gaba na yarje masa ya je ba da ni ba, da sharaɗi uku: abokin tafiya na gari, masaukin da na sani, da kira bayan kowace salla. Addu'a kuwa tana biye da shi.